Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Alau, Tafkin Chadi da Ilimin Hango Abin da Ke Taruwa

Barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa daga nan Maiduguri. Gaisuwa ga iyayenmu mata da ke kan aikin gida. Gaisuwa ga 'yan kasuwar Monday da na Gamboru, da manoman shinkafa a Jere da Zabarmari, da masu sana'ar kifi a Baga Road. Allah Ya sa kuna lafiya.

Yau za mu tattauna a kan wani ilimi da ba kasafai ake jin sunansa a rediyo ba. Turawa suna ce masa sistem dainamiks. Mu kuwa za mu kira shi ilimin bin diddigin tsari. Ilimi ne da ke duba yadda abubuwa da yawa ke jan juna, suna tura juna, har su haifar da abin da babu wanda ya nufa. Kada sunan ya ba ku tsoro. Kafin mu rabu, kowa zai ga cewa maganar garinmu ce.

Shirin kashi biyar ne. Za mu fara da asalin ilimin. Sai kalmomi uku da ya ginu a kansu. Sai madatsar ruwa ta Alau. Sai Tafkin Chadi da cutar shan inna. A ƙarshe mu duba aikin da ke gabanmu. Ku gyara zama.

Kashi na farko, asalin ilimin.

Wanda ya kafa shi wani injiniya ne ɗan Amurka, sunansa Jay Forrester, malami a jami'ar fasaha ta MIT. A shekarun 1950, manajojin kamfanin General Electric suka kai masa kuka. Suna da masana'antar kayan lantarki na gida a jihar Kentucky. Wata shekara aiki ya yi yawa, ana yi dare da rana. Bayan ɗan lokaci a sallami ma'aikata da yawa. Sai kuma aiki ya dawo, a shiga neman ma'aikata. Haka abin ke ta maimaituwa. Kowa ya ɗora laifin a kan kasuwa.

Forrester ya ɗauki fensir da littafin rubutu. Ya tambaye su: in kaya suka ragu a sito, me kuke yi? In oda ta ƙaru, yaushe kuke ƙara ma'aikata? Ya bi lissafin mako-mako. Sai ya gano cewa ko da masu saye ba su sauya hali sosai ba, yadda manajojin ke yanke shawara ya isa ya jawo wannan hawa da sauka. Ashe ciwon na cikin gida ne.

Ya fitar da littafinsa na farko a kan masana'antu a 1961, wani kuma a kan birane a 1969. A 1972 wasu masu bincike na jami'arsa, cikinsu har da Donella Meadows, suka yi amfani da ilimin wajen nazarin yawan jama'ar duniya da abinci da albarkatun ƙasa. Mu ma abin ya iso mu. A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wani samfurin kwamfuta da aka gina da wannan ilimi don auna manufofin ci gaba mai ɗorewa a Najeriya.

Kashi na biyu, kalmomi uku. Ku riƙe su da kyau: tari, komowa, jinkiri. Na sake faɗa. Tari, komowa, jinkiri.

Mu fara da tari. Hajiya, dubi randar da ke tsakar gidanki. Mai moya yana zubawa, mutanen gida suna ɗiba da moɗa. Ruwan da ke cikin randar shi ne tari. Akwai mai shiga, akwai mai fita. Ga ƙa'idar: muddin mai shiga ya fi mai fita, tari ƙaruwa yake yi. Jiya an zuba jarka huɗu, an sha biyu. Yau an zuba uku, an sha biyu. Zubin ya ragu, ko ba haka ba? Amma ruwan randa ya ƙaru da jarka ɗaya. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, har da masu digiri. Su ga abin da ke shiga ya ragu, su ce matsala ta ragu, alhali tarin bai daina hawa ba.

Bashi tari ne. Shara a magudanar ruwa tari ce. Yashin da ke kwanciya a gindin madatsa tari ne. Akwai kuma tarin da ido ba ya gani. Amana tari ce. Tsoron haɗari ma tari ne, yana cika a rana ɗaya, ya riƙa tsiyayewa shekara da shekaru.

Kalma ta biyu, komowa. Wato abin da ka yi ya zaga ya dawo kanka. Iri biyu ce. Akwai mai ƙara wuta. Mutum ɗaya ya zuba shara a kwalbati. Na biyu ya gani, ya ce ai dama bola ce, shi ma ya zuba. Yawan shara na jawo ƙarin shara. Akwai kuma mai ja da baya. Wake ya yi tsada, manoma suka shuka da yawa, kaya suka cika kasuwa, farashi ya sauko. Tsada ta jawo abin da ya karya tsadar.

Kalma ta uku, jinkiri. Tsakanin shuka da girbi akwai watanni. Kowane manomi ya ga farashin bara, ya shuka a kan farashin bara. Duk suka girbe a lokaci guda, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Baɗi kowa ya guji wake, sai ya sake tsada. Babu wanda ya yi wauta. Kowa ya yi abin da hankali zai ɗauka. Jinkiri ne ya sa shawarar da ta yi daidai ga mutum ɗaya ta zama asara ga kowa.

Tari, komowa, jinkiri. Yanzu mu ɗauki waɗannan kalmomi mu nufi Alau.

Kashi na uku ke nan. Kafin mu shiga, muna addu'a Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.

Madatsar Alau tana kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, ta wajen Konduga. An gina ta tsakanin 1984 da 1986, domin ruwan shan gari da noman rani. An tsara ta ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 112. Ruwan da ke cika ta daga nesa yake tahowa. A kan duwatsu can kudu yake sauka, ya ratsa dausayin Sambisa, sannan ya iso. In ya wuce madatsar, ya keta tsakiyar gari, ya bazu a fadamar Jere.

A daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024, wani ɓangare na madatsar ya ɓalle. Duk mun san abin da ya biyo baya. Fori, Gwange, Bulabulin, kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa, gidan namun daji na Sanda Kyarimi, duk ruwa ya shiga. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Rabon da garin ya ga irin wannan tun 1994, shekara 30 cif.

In ka tambayi mutum me ya jawo, zai ce ruwan sama ya yi yawa, madatsa ta fashe. Gaskiya ne. Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa a duk yankin Tafkin Chadi. Amma mai bin diddigin tsari ba zai tsaya a nan ba. Zai tambaya: me da me ke taruwa a cikin shekaru 30 ɗin nan?

Na ɗaya, ruwan kansa. Ku tuna ƙa'idar tari. Ko sama ta ɗauke a Maiduguri, koguna na nan tafe da ruwan da ya sauka kwanaki da suka wuce. Muddin mai shiga ya fi mai fita, madatsa hawa take yi, ko da rana na haskawa a kanta. Wannan tari ne da jinkiri a haɗe.

Na biyu, yashi da laka. Kowace madatsa a duniya kogi na kawo mata su. Suna kwanciya a ƙasa, suna cin gurbin ruwa, ba wanda ke gani daga sama.

Na uku, gyara. Gini yana tsufa kullum. Gyaran da aka ɗage bana ba ya ɓacewa, kan na baɗi yake hawa.

Na huɗu, gidaje a hanyar ruwa. A nan komowa take, ku saurara da kyau. Madatsa ta riƙe ruwa, kogi ya lafa. Shekara ta wuce lafiya, wata ta wuce lafiya. Mutane suka ga fili a bakin kogi, ga arha, ga kusa da kasuwa. Wani ya gina. Ruwa bai zo ba. Na biyu ya ga na farko lafiya lau, shi ma ya gina, ya ƙara matsawa gaba. Tun daga 2009 kuma, rikici ya koro ɗimbin 'yan'uwanmu daga ƙauyuka da garuruwa zuwa Maiduguri, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Kariyar da madatsa ta bayar ita ce ta ba mutane ƙarfin gwiwar zama a inda ruwa zai bi ranar da kariyar ta gaza.

Na biyar shi ne wanda ya fi damuna: tunawa. A 1994 kowa ya tsorata. Tarin tsoro ya cika maƙil. Daga nan ya fara tsiyayewa. Waɗanda suka ga ruwan suka tsufa, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Aka haifi yaran da ba su gani ba, suka girma, suka yi aure, suka sayi filaye. Baƙi suka zo, ba wanda ya ba su labari. Tari huɗu na hawa, na biyar da ya kamata ya tsare mu yana sauka.

Ga maganar da nake so kowa ya tafi da ita yau. Lokacin da abu ya lafa, lokacin ne haɗari ke taruwa. Na sake faɗa. Lokacin da abu ya lafa, lokacin ne haɗari ke taruwa. Madatsa a dare ɗaya ta ɓalle, amma ambaliyar ta daɗe tana haɗa kayanta.

Kashi na huɗu, darussa biyu daga jiharmu. Ɗaya na asara, ɗaya na nasara.

Mu fara da Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Shekarun ruwa ne masu albarka. A kan wannan tafki cikakke aka tsara babban aikin noman rani na kudancin tafkin, a yankin Marte, da niyyar shayar da hekta 67,000 na alkama da shinkafa. Aka haƙa hanyar janyo ruwa daga tafkin, aka kafa injunan tura ruwa. Amma tsakanin zane da kammala gini shekaru sun shuɗe. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, wani ya sake zuwa a 1983 da 1984. Tafkin ba shi da zurfi. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shigarsa daga Chari da Logone yake, zafin rana kuma na shanye mai yawa. Da mai shiga ya ragu, bakin ruwa ya ja da baya da nisan kilomitoci. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 tafkin ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da. Hanyar ruwan ta bushe. Aikin bai taɓa kusantar hekta 67,000 ɗin ba. An ɗauki tafkin a matsayin abu tsayayye, alhali tari ne mai hawa da sauka.

Darasi na biyu, shan inna. A 1988 ƙasashen duniya suka ɗaura aniyar kawar da cutar baki ɗaya. Bayan kusan shekara 20 wasu masana suka fara cewa kuɗin ya yi yawa. Masu kamuwa sun ragu, a sassauta, a riƙa lallaɓa cutar kawai. Wasu masu bincike biyu, Kimberly Thompson da Radboud Duintjer Tebbens, suka gina samfuri da wannan ilimi, suka wallafa sakamakon a mujallar likitanci ta Lancet a 2007. Samfurin ya nuna komowar a fili. Cuta ta ragu, hankali ya kwanta, a rage rigakafi. Ana ta haihuwar yara, tarin waɗanda ba a ɗiga wa maganin ba na ƙaruwa. Bayan jinkiri cuta ta dawo, a sake tashi da gudu. Wannan ja-in-saki ya fi cin kuɗi, ya fi nakasa yara, a kan a dage a ƙarasa aikin. Binciken ya taimaka wajen ƙarfafa duniya ta ci gaba.

Mu a Borno mun ga gaskiyar wannan da idonmu. Bayan Yulin 2014 aka yi shekara biyu ba a ga cutar ba a Najeriya. Sai a Agustan 2016 aka gano ta a Jere da Gwoza, daga baya a Monguno. Ashe tana yawo a ɓoye a wuraren da masu rigakafi ba sa iya shiga saboda rikici. Wannan karon ba a sassauta ba. Ma'aikatan lafiya da 'yan sa-kai da sarakuna da malamai suka dage, wasu har suka rasa rayukansu a kan aikin. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Amma iyaye, har yanzu akwai wani nau'inta da ke ɓulla a inda rigakafi ya yi rauni. In masu ɗigo suka ƙwanƙwasa ƙofa, a fito da yara.

Kashi na biyar, aikin da ke gabanmu.

Yaya za a gina wa Alau irin wannan samfuri? Da takarda ake farawa. A zana akwati ga kowane tari: ruwan madatsa, laka, gidajen bakin kogi. A ja kibiya daga abin da ke jawowa zuwa abin da ake jawowa. A rubuta jinkirin kowanne. Sannan a zuba alƙaluma a kwamfuta, a gwada. In samfurin ya kasa nuna abin da ya faru a 1994 da 2024, a koma a gyara shi. In ya nuna, sai a fara yi masa tambayoyi. In ruwan sama ya fi na 2024 fa? In aka fara rage ruwan madatsa mako guda kafin ta cika, me zai samu manoman Jere, me kuma zai samu ruwan shan gari da rani? In gargaɗi ya isa Gwange awa shida kafin ruwa, mutum nawa za su fita lafiya? In aka tashi mutane daga bakin kogi ba a ba su wani wuri mai araha ba, shekara nawa za a yi kafin su dawo?

Wannan ba duba ba ne. Gaibu sai Allah. Samfuri wuri ne na gwada shawara kafin a gwada ta a kan rayukan jama'a. Kuma ingancinsa daidai yake da ingancin abin da aka zuba masa. Dole a riƙa auna ruwan sama, da tsayin kogi, da zurfin laka, ana rubutawa, ana adanawa.

A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina Alau. Abin farin ciki ne. Amma siminti tari ɗaya ko biyu kawai zai gyara. Sauran suna hannunmu. Muna da Jami'ar Maiduguri. Muna da kwalejin Ramat. Muna da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, duk a cikin garin nan. Ina kira ga malamansu da ɗalibansu su gina wa kogin Ngadda samfurinsa, daga Sambisa har Jere. Kuma kada injiniyoyi su zauna su kaɗai. A kira bulamomi da lawanai. A kira manoma da masunta da matan unguwa. Kowa da kibiyar da ya sani, wadda na kusa da shi bai sani ba.

Kai kuma mai sauraro, ba sai kana da kwamfuta ba. Ga abin da za ka iya. A unguwarku, ku sa alama a bangon masallaci ko makaranta daidai inda ruwan 2024 ya kai, ku rubuta shekarar, domin na baya su gani. Kafin ka sayi fili, tambayi dattawan wurin ina ruwa ya tsaya a 1994 da 2024. Ku yashe magudanai tun kafin ruwan farko. Ku saurari hasashen damina da hukumomin yanayi da na koguna ke fitarwa kowace shekara. In aka ce a tashi, a tashi, ko da sama ta washe. Mun yi imani da ƙaddara, kuma an hore mu da ɗaukar mataki.

To jama'a, lokaci ya ƙure mana. Mu maimaita. Tari, komowa, jinkiri. Duk matsalar da ta taso, a gida ko a kasuwa ko a ofis, ku yi mata tambaya uku. Me ke taruwa? Me zai zaga ya komo? Yaushe zai iso? Ku yi tambayoyin nan a shekarar da ake zaune lafiya, domin a lokacin ne gyara ke da sauƙi da arha.

Allah Ya tsare Maiduguri da jihar Borno, Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara mana zaman lafiya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.